Ƙwaryar Daso

A Tudun Wada, cikin Gusau, muke haya: ɗaki ɗaya ni da jikokina, na kusa da shi ɗana da matarsa. Duk wanda ya shigo ɗakina idonsa sai ya faɗa kan wata tsohuwar ƙwarya da ke rataye a ragaya, an rufe ta da faifai. Wasila, matar ɗana, ta taɓa sauke ta wai za ta wanke shinkafa a ciki. Ranar ta san ko ni wace ce. Ban zage ta ba, Allah shaida, amma sai da maƙwabta suka leƙo suna ba ni haƙuri. Yarinyar kirki ce, ba laifinta ba ne. Ita ƙwarya ta gani, tsohuwa mai ɗinki a gefe, ba ta san kayan mutane ne ba.

Ƙwaryar ta Daso ce, ƙawata.

Sunana Huseina, kuma a Kwarin Gawo, can ƙasar Tsafe, ba wanda zai ce maka Huseina ya tsaya nan. Sai ya ƙara da mai fura. Ba yabon kai ba, furata ta yi suna. Masu zuwa cin kasuwarmu ta Alhamis daga Tsafe sukan aiko a ajiye musu tun da hantsi. Amma fura komai kyan kirɓinta rabin abinci ce, sai da nono take cika, nonon kuwa na Daso ne. Bafulatana ce doguwa, mai ɗan tsini a hanci da tsini a baki. Rugarsu tana bayan rafi, mijinta Tukur, kuma tun kakanni shanunsu a gonar gidanmu suke sauka bayan an gama girbi. Su ci kara, su bar mana taki, maigidana ya kai musu damman gero. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, haka muka taso muka tarar.

Ina amarya muka ƙulla ƙawance. Ta kawo min man shanu a ƙaramin ƙoƙo, na aika mata da goro da turare, mata suka shaida, shi ke nan. Daga ranar aka ware ƙwarya guda ta zama tamu. Kowace Alhamis da safe ta biyo ta gidanmu ta dire min ita cike da kindirmo, ta wuce kasuwa da sauran tallanta. Da la'asar ta dawo ta tarar na wanke ta na jera mata fura a ciki. Ba saye ba sayarwa a wannan ƙwaryar, na ciniki daban yake. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma kowace mace a yankinmu ta san ta: ba a miƙa wa ƙawa ƙwarya babu komai a ciki. Ko gyaɗa ce ki jefa ƙwaya biyu. Ranar da ƙawarki ta miƙo miki ita wayam, to ta yanke ke nan, ba sai ta buɗe baki ba, kuma ba a ɗinkewa. Na ga an yi wa wata mata haka a bakin rijiya, ta koma gida tana kuka kamar an yi mata mutuwa.

Wata Alhamis ɗin na haifi ɗana na fari, shi ya sa ake ce masa Ɗanlami. Sunansa na yanka kuwa ba za ku ji shi a bakina ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan haihuwar, nonona ya ƙafe. Daso ce ta riƙa tsallako rafi kowace safiya da madarar wata jar saniyarta, a tafasa a ba jinjiri, har na miƙe. Tun daga nan ba ta kiransa da komai sai ɗan maraƙina. Ya girma ya yi gemu, in ta gan shi a kasuwa sai ta ɗaga murya.

“Ɗan maraƙina, zo ka kama mini kaya!”

Ya zo yana sunkuyar da kai, abokansa na yi masa dariya.

Ina tuna kaka a Kwarin Gawo, kuma ba na jin kunyar cewa ina kewarta har cikin ƙashina. Rumbuna sun cika, an ɗaure dawa, shanu sun bazu a gonaki suna ta ƙaras-ƙaras da kara. Hayaƙin ruga yana tashi daga gonarmu, yaranmu da nasu suna tsinto 'ya'yan gawo suna kai wa tumaki. Da yamma Tukur ya zo ya zauna a dakalin maigidana, su yi ta tsokanar juna. Shi ya ce mu ba mu san komai ba sai tuwo, maigidana ya ce ai gara tuwo da mutumin da ke gaida saniya kafin ya gaida matarsa. Ana faɗa, ba na cewa ba a yi. Shanu sukan yi ɓarna, manomi ya yi hargagi. Sai a tafi gaban mai gari, a je a dubi gonar tare, a yanke abin da za a bayar, ranar kasuwa kuma ka gan su suna cin tsire a tukuba ɗaya.

Abin ya fara lalacewa ne da aka naɗa Yahaya mai gari. Mutum ne mai taushin murya, ba ka taɓa ganinsa ba carbi, kuma ba abin da hannunsa ba ya karɓa. Ya fara da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa: ya yayyanka ta ya sayar wa masu son ƙarin gona. Ya koma kan dajin kiwo, ya sayar wa waɗansu alhazan birni, suka zo suka kewaye da waya. Shanu ba su da fiffike, dole su bi ta wani wuri, sai suka bi ta gonaki. In an kai ƙara, Yahaya ya karɓi na manomi da safe, ya karɓi na makiyayi da yamma, ya ce kowa ya yi haƙuri. Ana cikin haka satar shanu ta shigo. A sace wa Fulani, a sace wa manoma na huɗa, in an kama ɓarawo an kai masa, kafin a juya ka gan shi yana shan shayi a tasha. Maigidana Allah ya yi masa rasuwa a farkon wannan zamani, kuma nakan ce an rufa masa asiri.

Ɗanlami ya yi makaranta a Tsafe, ya dawo da rediyo da zafin kai. Shi ke tara samari a gindin gawo yana faɗa musu cewa sarauta ba wahayi ba ce, mutane ne suka ɗora rawani, mutane na iya sauke shi. Ranar da aka ji Yahaya ya sayar da fadama, wadda gari duka ke noman rani a cikinta, ranar aka sauke shi. Da rana tsaka samari suka cika ƙofar gidansa. Ba a dake shi ba. Warware masa rawani aka yi, aka rataye a reshen gawo, shi kuwa ya haye bayan babur ya nufi Tsafe, kansa ko hula babu. Ni na fara rangaɗa guɗa, kuma har gobe ina cewa Yahaya ɓarawo ne, ya cancanci abin da ya same shi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi daɗi. Aka raba fadama, har zawarawa suka samu. Aka kafa kwamiti, Ɗanlami ne shugaba, ina wucewa mata na cewa ga uwar gari. Tukur ma ya zo da rago ya yi murna, yana cewa yanzu kam za a buɗe burtali tunda ɗan gida ne a sama.

Ba a buɗe ba. Waɗanda suka nome burtalin rabinsu suna cikin kwamitin, wayar alhazan birni kuwa ba mai iya taɓa ta. Shanu suka ci gaba da faɗawa gonaki, ɓarayi suka ci gaba da sata. Sai a lokacin muka gane wani abu: Yahaya yana cin kowa, amma gabansa ne kaɗai manomi da makiyayi ke zama a tabarma ɗaya. Kwamiti kuwa manoma ne zalla, mai ƙara shi ne alƙali. Samari suka samo bindigogin maƙera, suka ɗaura layu, suka zama 'yan sa-kai. Da farko ɓarawo suke nema. Daga baya duk mai sanda da malafa ɓarawo ne a idonsu. Yaran da jiya ko akuya ba sa iya yankawa, yau suna tafiya suna buɗa kafaɗa, ba mai iya ce musu kanzil, har shi shugaban nasu.

Wata Alhamis Daso ta dire min ƙwarya da safe kamar kullum, ta tsokane ni cewa furar wancan makon yaji ya yi mata yawa, ta wuce. Kasuwa na cika mai shela ya fito: kwamiti ya hana sayen nonon Fulani, ya hana a sayar musu da hatsi, wai su ke ciyar da ɓarayi. Aka kori matan daga kasuwa, ana kifar musu da nono a ƙasa. Na jera fura a ƙwarya na zauna jira har rana ta faɗi, Daso ba ta biyo ba.

Da Ɗanlami ya shigo na tare shi a tsakar gida.

“Kai, da nonon wa anka raya ka?”

“Inna, ba ni ɗai na ba. Shawarar jama'a ta.”

“Jama'a ta sha madarar jar saniya? Kai kash sha ta!”

“Na ɗan lokaci na, Inna. In ƙura ta kwanta a janye.”

Ya faɗa yana kallon ƙasa. A nan na fara jin tsoro, don na ga ba shi ke jan mutanen nan ba, su ke tura shi.

Alhamis ta kewayo, Tukur ya shigo gari da kansa, tsoho da sandarsa. Ya ce wa matarsa bari ya je ya ga yaron nan Ɗanlami, ai ba zai ƙi jin maganarsa ba. Bai kai ga yaron ba. A tsakiyar kasuwa, kusa da rumfar mahauta, aka rufar masa. Waɗanda suka gani sun ce Ɗanlami ya iso ya ce a bari, sau ɗaya, ba wanda ya saurare shi, sai ya tsaya. Bai ɗaga hannu ya doki Tukur ba, bai kuma shiga tsakani ba. Kafin la'asar an cinna wa ruga wuta. Daga ƙofar gida na hango hayaƙin a bayan rafi, sabuwar furar da na yi wa Daso tana cikin ƙwarya a hannuna.

Fulanin suka shige daji. Gari ya yi tsit har wasu suna cewa ai ga shi an samu lafiya. Da damina ta faɗi, ana tsakiyar noma, babura suka fito daga daji, mutum uku-uku a kan kowanne, da bindigogin da namu ba su taɓa ganin irinsu ba. Akwai baƙin fuska da yawa, akwai kuma yaran da na sani, waɗanda suka ci furata suna ƙanana. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Sun ƙone rumbuna, sun kore dabbobi, an binne mutane a rami ɗaya, ciki har da waɗanda ko taron kwamiti ba su taɓa zuwa ba. Muka gudu Tsafe a ƙafa. Mata sun ɗauko tabarmi da tukwane, ni da na duba kaina sai na ga ƙwaryar Daso na ɗauko, ko zani na biyu ban haɗo ba.

A wata makarantar firamare aka sauke mu. Ranar farko da aka zo rabon abinci, wa zan gani a layi da kwano a hannu? Yahaya. Gidan da ya gina a gari shi ma ya ci wuta. Ya ce min, “Sannu Huseina,” na ce masa, “Sannu mai gari,” don ban san wane suna zan kira shi da shi ba. Daga nan muka gangaro Gusau. Ɗanlami ya samu babur yana acaɓa. Mutumin da ke tsayawa a gindin gawo ya yi magana har muryarsa ta dushe, yanzu sai ya wuni bai haɗa zance biyu ba. Rediyon ma ya daina kunnawa.

Ni kuwa na bar sana'ar fura. Na gwada, amma abin da ake sayarwa a unguwarmu da sunan nono madarar gari ce ake kwaɓawa a roba ta kwana ta yi tsami. Ba zan zuba wannan a kan furata ba, gara na zauna. Shekaru suka shige, jikoki suka taso ba su san ƙamshin man shanu ba. Ƙwarya tana rataye, kuma duk Alhamis sai na dube ta. Tun rabona da Daso fura take bina a cikinta, ban san ko tana raye ba, ban kuma san in na miƙa mata za ta karɓa ba.

Rannan sai ga Mahadi, ɗan garinmu da ke tuƙa mota tsakanin Gusau da Bungudu, ya zo gaishe ni. Mun gama gaisawa yana shirin tashi, sai ya koma ya zauna.

“Inna Huseina, na ga mutuniyarki.”

“Wace?”

“Daso. Bungudu, bakin kasuwa. Tsintsiya takan kasa.”

“Tsintsiya? Shanun hwa?”

“Wane shanu? Su ma 'yan dajin sun kwashe musu. Ance ɗanta guda an kashe shi wurin hana su, gudan kau ya bi su, ba ta ko son a ambace shi. Ita ɗai ta, a zauren wasu mutane take kwana.”

Na yi murna tana raye, na kuma ji tsoron da ban ji irinsa ba tun ranar babura. Muddin ƙwaryar nan na rataye a ɗakina, ni da Daso ƙawaye ne, ba wanda ya yanke. In na kai mata, tana iya juye furar ta miƙo min ita wayam, kuma ba ni da bakin cewa ba ta yi daidai ba. Na yi kwanaki ina juya abin. Daga ƙarshe na ce wa kaina, tsohuwar banza, kina riƙe da kayan mutane don tsoron gaskiya.

Na aiki Wasila ta auno gero, na mayar da ita ta sake, don na farkon duk tsakuwa ne. Ba inji, da hannuna na surfa na daka, da citta da kanumfari da masoro, barkono kaɗan tunda ta ce wancan ya yi yaji. Na dafa, na kirɓa har kafaɗuna suka yi tsami, na cura na barbaɗa gari. Ƙamshin ya cika gidan haya, maƙwabta suna leƙowa ko ta sayarwa ce. Ɗanlami ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga ƙwarya a ƙasa an wanke ta.

“Bungudu za ka kai ni gobe,” na ce.

“Inna, ki shiga motar Mahadi.”

“Kai za ka kai ni.”

“Ban iya haɗa ido da ita.”

“Ban ce ka haɗa ba. Ka iya tsayawa kana kallo, ai ka taɓa yi. Gobe ma ka tsaya.”

Maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, kuma ban janye ta ba. Ya shige ɗakinsa. Da safe na fito da niyyar tafiya tasha, sai na tarar da shi a ƙofar gida yana goge kujerar babur.

Hanyar ba ta da nisa, amma na ga abin da ya ishe ni. Gonaki masu kyau a kwance ciyawa ta cinye, kuma tun daga Gusau har muka hangi Bungudu ban ga garken shanu ko ɗaya ba. Na rungume ƙwarya a cinya, ɗaure cikin zani. A bakin kasuwa Ɗanlami ya tsayar da babur a gindin wata darbejiya, ya ce nan zai jira.

Ba don tsinin hancin ba da na wuce ta. Ta ƙanƙance, ta yi baƙi, idanunta sun yi hazo-hazo. Tana zaune a kan buhu, 'yan tsintsiyoyi a gabanta. Na durƙusa na yi sallama. Ta amsa, ta ce in zaɓa, duk masu kyau ne. Na kwance zani na ɗora mata ƙwarya a cinya.

Hannunta ya bi bakin ƙwaryar a hankali har ya kai kan ɗinkin. Ita ta kai wa gyartai ya ɗinke, shekarar da wata akuyata ta ture ta. Yatsunta suka tsaya a wurin. Ta ɗaga faifai ta sunsuna.

“Huseina.”

“Ni ta.”

“Kin makara. La'asar munka yi da ke.”

“Ke ab ba ki biyo ba.”

“An hana ni hanya.”

Hawaye na zubo min, ita nata idon a bushe. Na yi mata gaisuwar Tukur, wadda ban samu yi ba tun wancan lokaci, na yi mata ta ɗanta. Ta amsa kamar yadda ake amsawa, ta tambaye ni mutanen gari, na lissafa mata waɗanda suka rage, ba su da yawa. Ta gutsuri fura ta sa a baki, ta daɗe tana juya ta.

“Yajin ya yi daidai,” ta ce.

Daga nan ta ɗaga kai ta kalli wajen darbejiya. Idon ba ya gani sosai, amma ta daɗe tana kallo.

“Wane na can tsaye?”

“Kin san shi.”

“Na san tsayuwarshi.”

Ta jawo wata tsohuwar roba daga bayanta, ta fara kwashe furar ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a ciki. Ta kwashe tas, ta kaɗe garin da ya rage, ta shafe cikin ƙwaryar da tafin hannu. Sannan ta turo ta gabana, babu komai a ciki.

Abin da na ji tsoro ke nan, ga shi a gabana a tsakiyar kasuwar mutane. Na ce a raina, Huseina, karɓi, haƙƙinta ne, ɗanki ne ya tsaya yana kallo. Na miƙa hannu na kama bakin ƙwaryar, na ja.

Ba ta saki ba.

Tana riƙe da ɗaya gefen. Muka zauna a haka, ni riƙe ita riƙe, har wata mata ta zo ta taya tsintsiya ta gaji ta wuce. Ina ganin leɓenta na motsi, ban san ko addu'a take ko da Tukur take magana ba. Can ta sa ɗaya hannun a roba, ta ɗauko curin fura guda, ta raba shi biyu, ta ajiye rabi a tsakiyar ƙwaryar. Sannan ta saki.

“Ban da nono, Huseina. Ko akuya ban da. Naki na na maishe miki.”

“Ya isa, Daso. Wallahi ya isa.”

“Ƙahwahuna sun ƙare, ban iya zuwa Gusau. Ke ka zowa.”

“Ni ka zowa. Alhamis.”

Nan kukan ya ƙwace mata, ni ma nawa ya dawo sabo, muka riƙe juna muna yi, 'yan kasuwa na kallon tsofaffi biyu da rabin fura a tsakaninsu. Da muka natsa na rufe ƙwarya da faifai na ɗaure. Na tsaya ina jira ko za ta ce a kira shi. Na so ta ɗaga murya irin ta da, ko zagi ne ta yi masa. Ba ta yi ba. Sai da na miƙe na juya sannan ta yi magana, fuskarta na kan tsintsiyoyinta.

“Ki ce mai shi tahi da ke sannu. Hanyag ga akwai ramu.”

Na tarar da Ɗanlami inda na bar shi, ko zama bai yi ba. Ya dubi ƙullin da ke hannuna, ya dube ni. Na ɗaga faifai na nuna masa abin da ke ciki. Shi ma ɗan Kwarin Gawo ne, ba sai an yi masa bayani ba.

“Mi tac ce, Inna?”

“Ta ce ka tahi da ni sannu, akwai ramu.”

“Ba ta kira ni ba?”

“Ba ta kira ka ba.”

Ya juya ya tada babur. Na hau, na ɗora ƙwarya a cinya, na ce masa ya sani Alhamis mai zuwa ma shi zai kawo ni, da wadda ke bin ta. Ina jin bayansa na girgiza a jikin ƙwaryar. A hankali ya tafi da ni, har muka shiga Gusau bai faɗa rami ko ɗaya ba.